Me ke riƙe yaro a aji bayan an rubuta sunansa a rajista?

A watan Janairun 2016 ne Gwamnatin Jihar Kaduna ta fara ciyar da ɗaliban makarantun firamare na gwamnati sau ɗaya a kowace ranar karatu, a kan Naira 50 kowane yaro. Kafin a je ko'ina azuzuwa suka cika maƙil. Gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta ce yawan yaran da ke cikin rajista, wanda a baya yake kimanin miliyan 1.1, ya kusa ninkawa.

Ba a daɗe ba jaridu suka fara kawo wani labarin. A makarantu da dama yara kan zo da kwanukansu da safe, su jira masu abinci, da zarar an ci an sha sai a nemi wasu daga cikinsu a rasa. Waɗanda suka tsaya kuwa, da yawansu a ƙasa suke zaune, cikin ajin da malami ba ya iya ratsawa zuwa baya saboda cunkoso.

Bayan kimanin wata takwas, da kashe sama da Naira biliyan 10 kamar yadda gwamnatin ta bayyana, shirin ya tsaya.

Abin da ya faru a Kaduna ya nuna abu biyu a lokaci guda. Na farko, yunwa na cikin manyan abubuwan da ke raba yaro da makaranta, kuma kwano ɗaya na abinci yana iya dawo da shi. Na biyu, kawo yaro bakin aji aiki ne daban, sa shi ya zauna ya koyi wani abu kuma aiki ne daban.

Wannan aiki na biyu shi ne masana ilimi ke kira kula da walwalar ɗalibi. Najeriya ta gwada shirye-shirye iri-iri a kansa cikin shekaru ashirin da suka wuce. Wasu sun yi tasiri a zahiri, amma mafi yawansu sun mutu tare da gwamnatin da ta kawo su, ko kuma suna rayuwa ne da kuɗin waje.

Yaran da ke waje, da waɗanda ke dab da fita

A 2024 Asusun Kula da Ƙananan Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ce yara miliyan 18.3 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya: miliyan 10.2 masu shekarun firamare, miliyan 8.1 kuma masu shekarun ƙaramar sakandare. Mafi yawansu a Arewa suke.

Idan aka ji wannan adadi, hankali kan tafi ne ga yaran da ba a taɓa sa su a boko ba. Amma a cikinsu akwai tarin waɗanda sun shiga sun fita. Wani ya bari a aji uku ya koma garejin kanikanci, wata ta gama aji shida ba ta wuce gaba ba, wani kuma damina ɗaya ce ta ɗauke shi zuwa gona bai sake dawowa ba.

Akwai kuma rukuni na uku da alƙaluma ba sa kamawa: sunansu na cikin rajista, suna zuwa yau su yi fashi gobe, in sun zo ma jikinsu ne kawai a aji. Ƙiyasin da UNICEF ke yawan ambata shi ne yara 7 cikin 10 masu shekara goma a Najeriya ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi.

Duk malamin da ya daɗe a aji ya san cewa yaro ba ya barin makaranta rana ɗaya. Yakan fara da makara, sai gudu bayan tara, sai fashin ranar kasuwa, sai a wayi gari an daina ganinsa. Shirye-shiryen walwala an yi su ne don a tare shi tun yana kan wannan hanya.

Ciyarwa: doka ta tanada, aiwatarwa ta gagara

Mutane da yawa suna ɗaukar ciyar da ɗalibai a matsayin alfarmar gwamna ko shugaban ƙasa. Alhali Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta lissafa abincin rana cikin abubuwan da ya kamata a ba ɗalibi ba tare da ya biya ba, tare da littattafai, kayan koyarwa, azuzuwa da kujeru.

A Satumban 2005 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin gwaji a jihohi 12 da Abuja. Cikin 'yan shekaru kusan duk suka watsar. Jihar Osun ce ta riƙe nata, kuma a 2012 gwamnatin Rauf Aregbesola ta sake masa fasali da sunan O-MEALS, inda mata kimanin 3,000 ke dafa wa yara sama da 250,000.

A Kano, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta ciyar da 'yan firamare tare da raba kayan makaranta kyauta a zangonta na farko daga 1999 zuwa 2003, ta kuma dawo da shirin daga 2011 zuwa 2015. Tun daga lokacin, batun ya zama abin da ke tashi da faɗuwa gwargwadon wanda ke kan mulki da abin da ke cikin baitulmali.

Shiri mafi girma shi ne na Gwamnatin Tarayya da aka ƙaddamar a 2016 ƙarƙashin Muhammadu Buhari, wanda ofishin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya fara kula da shi kafin a mayar da shi Ma'aikatar Jinƙai da aka kafa a 2019.

Tsarin a takarda yana da kyau. Ana ciyar da 'yan aji ɗaya zuwa uku. Ana ɗaukar mata daga unguwar da makarantar take su dafa, a tura musu kuɗi kai-tsaye ta asusun banki. Ana so a sayi kayan abincin daga manoman yankin, ta yadda kuɗin zai zagaya a cikin gari. Gwamnati ta ce a lokacin da shirin ya kai ƙololuwa yana ciyar da yara kusan miliyan 10 a makarantu sama da 50,000, da masu dafa abinci sama da 100,000.

Lissafin da ya ƙi fita

Matsalar ta fara ne daga farashi. Naira 70 aka yanka wa kowane yaro a 2016, kuma a cikinta mai dafawa za ta sayi hatsi, mai, kayan miya da itace, ta biya kuɗin mota, sannan ta fitar da ladan wahalarta. An yi shekara biyar ana kan wannan kuɗi kafin a ɗaga shi zuwa Naira 100 a 2022.

Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. A lokacin Naira 100 ko ƙwai ɗaya ba ta saye, balle kwanon shinkafa da wake.

Ga lissafi mai sauƙi. Yara miliyan 10 a kan Naira 100 na nufin Naira biliyan ɗaya a kowace rana. Shekarar karatu tana da kwanaki 180 zuwa 200. Ke nan ko a kan tsohon farashin da ba ya ƙosar da yaro, ana buƙatar kusan Naira biliyan 200 a shekara. Abin da aka ware wa ciyarwa a kasafin 2024 shi ne Naira biliyan 100.

Ban da ƙarancin kuɗin akwai jinkirin biya. Masu dafa abinci a jihohi daban-daban sun sha kokawa cewa sai a biya su na 'yan makonni, sannan a yi watanni shiru. Ga yaro da iyayensa, abincin da ke zuwa yau ya ɓace na wata uku ba abin dogaro ba ne. Uwar da ta janye 'yarta daga tallan safe saboda za ta ci a makaranta, dole ta mayar da ita kan farantin talla idan tukunya ta daina zuwa.

Sai kuma batun amana. A Satumban 2020 hukumar ICPC ta ce ta gano Naira biliyan 2.67 da aka fitar da sunan ciyar da ɗaliban kwalejojin Gwamnatin Tarayya a lokacin kullen korona, lokacin da yaran ke gida, sun ƙare a asusun wasu mutane. Wannan kuɗi na makarantun kwana ne, ba na shirin firamare ba, amma ya ƙara wa jama'a shakku kan duk wani abu mai suna ciyar da ɗalibai.

A ranar 12 ga Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da shirye-shiryen hukumar NSIPA baki ɗaya, ciki har da ciyarwa, bayan zarge-zargen almundahana a hukumar da Ma'aikatar Jinƙai. Mako shida aka ce, amma makonnin suka zama watanni. Yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su ne suka kwana a ciki.

Yadda wasu ƙasashe suka ɗaure nasu

Indiya ta sha irin wannan tangal-tangal har zuwa Nuwamban 2001, lokacin da Kotun Ƙolin ƙasar ta umarci jihohi su riƙa ba kowane ɗan firamaren gwamnati dafaffen abinci aƙalla kwana 200 a shekara. A 2013 aka shigar da shi cikin dokar wadata ƙasa da abinci. Yau shirin yana ciyar da yara sama da miliyan 100, kuma gwamnatin da ta dakatar da shi kotu za ta tsinci kanta.

A Brazil, dokar 2009 ta wajabta a kashe aƙalla kashi 30 cikin 100 na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don ciyar da ɗalibai wajen sayen amfanin ƙananan manoma. Hakan ya sa manoma suka zama masu tsaron shirin, domin in ya mutu kasuwarsu ce ta mutu.

A ƙasashen biyu akwai wanda zai tashi ya yi magana idan tukunya ta tsaya, kuma doka ta ba shi inda zai kai ƙara. A Najeriya tanadin yana cikin doka, amma ba a ɗaure shi da wani kaso na kuɗi da ba ya taɓuwa ba.

Akwai kuma abin da ke tafiya da ciyarwa wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Binciken da masana tattalin arziki Edward Miguel da Michael Kremer suka yi a makarantu 75 a yankin Busia na Kenya, wanda aka wallafa a 2004, ya gano cewa raba maganin tsutsar ciki ya rage fashin zuwa makaranta da kashi ɗaya cikin huɗu.

Ranar da yarinya ta fara girma

Ga 'ya mace, lokacin da aka fi rasa ta shi ne tsakanin ƙarshen firamare da farkon sakandare. Nisa na cikin dalilan: ƙauyuka da yawa suna da firamare amma babu ƙaramar sakandare kusa, kuma iyaye ba sa son budurwa ta riƙa bin hanyar daji ita kaɗai.

Wani dalilin kuma ba a cika faɗarsa a taron iyaye da malamai ba. Binciken WASHNORM na 2021, wanda Ma'aikatar Albarkatun Ruwa ta Tarayya da Hukumar Ƙididdiga suka gudanar da tallafin UNICEF, ya nuna kashi 11 cikin 100 na makarantun Najeriya ne kawai ke da ruwa, banɗaki da wurin wanke hannu gaba ɗaya.

Yarinyar da ta fara al'ada, ba ta da kuɗin audugar mata, makarantarsu kuma babu banɗaki mai ƙofa, abin da za ta yi a fili yake: ta zauna a gida har ta yi tsarki. Kwana uku ko huɗu a kowane wata, idan aka tara a shekara, ya isa ya sa lissafi da Turanci su wuce ta. Daga nan sai ta fara jin kunyar aji, sai maganar aure ta samu ƙofa.

A Zariya, Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata ta CGE ta fara wani tsari tun wajajen 2007 a ƙauyukan da ke kewaye. Ana haɗa 'yan mata kaɗan a wani wuri da iyaye da masu gari suka amince da shi, ƙarƙashin wata mace da ta girme su kuma ta yi karatu. A nan ake ƙarfafa musu karatu da lissafi, a tattauna tsafta, lafiya, sana'a da yadda yarinya za ta gabatar da buƙatarta ga iyayenta cikin ladabi. Ƙarfin tsarin shi ne ba a tsallake iyaye da malaman addini ba, da su aka fara.

Irin wannan zama ne shirin AGILE ya ɗauka ya faɗaɗa. Bankin Duniya ya amince da Dala miliyan 500 a 2020 don jihohi bakwai: Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato. A 2023 ya ƙara Dala miliyan 700, aka shigar da wasu jihohi 11, ciki har da Jigawa, Bauchi, Sakkwato, Zamfara, Yobe da Gombe.

AGILE na gina sababbin makarantun sakandare, yana ba kwamitocin makarantu kuɗi su gyara azuzuwa da banɗakuna, yana koyar da kwamfuta da dabarun zaman duniya, sannan yana ba iyalai marasa ƙarfi tallafin kuɗi bisa sharaɗin 'yarsu ta ci gaba da zuwa aji.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne wannan kuɗi rance ne, kuma shirin yana da wa'adi. Gini zai tsaya bayan an tafi. Alawus ɗin matar da ke zama da 'yan mata, da tallafin da ke shiga hannun uwa, su ne za su fara yankewa idan jihohi ba su sa su a kasafinsu ba. Rufe hukumar USAID ta Amurka a 2025, wadda ta ɗauki nauyin shirin koyon karatu da Hausa na Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, ya isa ishara kan dogaro da kuɗin waje.

Bulala, siniyoyi da rashin mai sauraro

Wani yaron cikinsa a ƙoshe yake, amma da ya hango ƙofar makaranta gabansa ke faɗuwa. Binciken cin zarafin yara na ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta gudanar a 2014 tare da UNICEF ya gano cewa yara 6 cikin 10 na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su kai shekara 18, kuma rabin yara sun fuskanci duka. Malamai na cikin manyan da yaran suka fi ambata a wajen gida.

Iyaye da yawa sun tashi da bulala, suna kuma ganin ita ta gyara su. Amma akwai tazara tsakanin ladabtarwa da azabtarwa. Yaron da aka tare a bakin ƙofa aka sa shi tsallen kwaɗo don ya makara, alhali ɗibar ruwa ce ta tsayar da shi, gobe in ya ga ya makara ba zai ƙaraso ba. Zai laɓe a kango har a tashi.

A makarantun kwana kuma akwai mulkin siniyoyi: wanki, ɗibar ruwa, ƙwace kayan akwati, da gwale-gwale cikin dare lokacin da malamai suka koma gidajensu. Juniya yakan haɗiye, domin ya san in ya kai ƙara hukuncin da zai biyo baya ya fi na farko.

Jihar Legas ta haramta dukan ɗalibai a makarantunta a 2022. A Arewa, Kaduna ta yi dokar kare yara a 2018, Kano ta sa hannu a tata a 2023. Amma haramci kaɗai ba ya koya wa malamin da ke gaban yara 100 yadda zai riƙe aji ba tare da dorina ba. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare. A makarantun gwamnati na manyan biranen Arewa, ajin da ya ninka wannan sau biyu ko uku ba baƙon abu ba ne.

Manufar ta kuma tanadi malamin ba da shawara a makarantu, har ta ce a horar da wasu malamai su riƙe aikin inda babu ƙwararre. A aikace, inda ake da shi, sau da yawa an ɗora masa darussa kamar kowane malami, ba shi da ofishin da yaro zai shiga ya rufe ƙofa, kuma ba a tuna shi sai lokacin zaɓen darussan kimiyya ko na adabi.

Wannan giɓi yana da tsada. Binciken shan ƙwayoyi na 2018 da ofishin UNODC ya tallafa ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma a Kano adadin ya kai kashi 16 cikin 100. A shekarar ce aka haramta maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Hukumar NDLEA ta ƙaddamar da gangamin WADA a 2021, tana shiga makarantu tana wayar da kai. Lacca a filin asambuli tana da amfaninta, amma yaron da ya fara sha yana buƙatar babba guda da ya san sunansa, wanda zai lura ya canza, ya kira shi gefe kafin a kai ga kora.

Tsoron da ya fi ƙarfin hedimasta

Akwai ɓangaren walwala da ya fi ƙarfin makaranta. Daga Chibok a 2014, zuwa Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024, da Maga da Papiri a Nuwamban 2025, satar ɗalibai ta sa jihohi sun sha rufe makarantu, musamman na kwana da ke bayan gari.

Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kare Makarantu ta duniya a 2015, ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a 2021, sannan a ƙarshen 2022 ta fitar da tsarin kashe Naira biliyan 144.8 daga 2023 zuwa 2026. Duk da haka, rahoton UNICEF na Afrilun 2024 ya ce kashi 37 cikin 100 ne kawai na makarantun jihohi goma da aka duba ke da tsarin gargaɗin gaggawa.

Abin da ba a cika magana a kai ba shi ne bayan an sako yara. Ana ɗaukar hoto a gidan gwamnati, a duba lafiyarsu, a miƙa su ga iyaye. Firgitar dare, tsoron ƙarar babur da ƙin komawa ɗakin kwana su kan biyo baya, har ga yaran makarantun maƙwabta da ba a taɓa ba. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta buɗe ƙofar kula da irin wannan. Saura a kai ta makaranta.

Abin da ba ya buƙatar Bankin Duniya

Duk wanda ya yi sakandaren gwamnati a shekarun 1980 ko 1990 zai tuna ranar ƙungiyoyi: muhawara, kacici-kacici, wasan kwaikwayo, 'yan jarida masu karanta labarai a asambuli, sikawut, ƙungiyar matasa manoma, JETS ta masu son kimiyya, da MSS ta ɗalibai Musulmi wadda aka kafa tun 1954. Ga kuma gasar wasanni tsakanin gidaje da gari kan fito kallo.

Amfanin waɗannan ya wuce nishaɗi. Yaron da ke na arba'in a jarrabawa amma shi ne golan makaranta yana da dalilin zuwa ranar Litinin. Yarinyar da ba ta magana a aji, in aka ba ta matsayin uwa a wasan kwaikwayo, malamai za su san ta da wani abu ban da makinta. Da wuya yaro ya guje wa wurin da ake nemansa in bai zo ba.

Abubuwa da dama sun raunana wannan al'ada. Makarantun da cunkoso ya sa aka raba su safe da yamma ba su da sa'ar da za a ware. Filayen wasa da yawa a birane an yanka su an yi azuzuwa ko shaguna. Makarantun kuɗi da ke cikin gidajen haya ba su da fili tun asali, kuma lokacin da ya rage darasin ƙari ya cinye shi. Malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata kuwa, da an tashi yake wucewa neman na cefane.

Duk da haka, wannan ne ɓangaren da firinsifal zai iya farfaɗo da shi a zangon karatu ɗaya ba tare da jiran Abuja ba: sa'a ɗaya a mako a jadawali, malami ɗaya ga kowace ƙungiya, ƙwallo ɗaya daga tsofaffin ɗalibai.

Wa zai riƙe, wa zai tambaya?

A Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano, inda ya ce yara sama da miliyan 4.7 ne ke zama a ƙasa a azuzuwa, kuma jihar ta ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin 100 na kasafinta. Gini da kujeru su ne ake gani a hoto, shi ya sa suka fi samun kuɗi a kowace jiha. Ruwan banɗaki, alawus ɗin mai ba da shawara da kuɗin itacen mai dafa abinci ba a yanke musu kyalle, amma kullum ake buƙatarsu.

Kuɗin ma ba duka ne babu ba. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya ga hukumar UBEC, bisa sharaɗin jiha ta kawo kwatankwacin abin da za ta karɓa. Shekara da shekaru hukumar na kokawa cewa biliyoyin Naira na kwance saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba.

A matakin unguwa akwai kwamitin SBMC, wanda a ƙa'ida ya ƙunshi mai unguwa ko wakilinsa, shugaban makaranta, iyaye, mata, malaman addini, tsofaffin ɗalibai, da wakilan ɗaliban kansu. Inda kwamitin ke da rai, shi ke bin yaron da ya daina zuwa har gida, shi ke ɗanɗana abincin da aka kawo, shi ke sanin nawa aka turo na gyara da inda aka kashe.

Uba ko uwa ba sa buƙatar digiri kafin su auna makarantar ɗansu. Su tambaya: akwai banɗakin mata daban, da ƙofa da ruwa? Idan yaro ya yi fashin mako guda, wa ke lura, wa ke kiran gida? Idan siniya ko malami ya zalunce shi, wurin wa zai je ba tare da an tona shi ba? Ban da darasi da jarrabawa, me yake yi a makaranta wanda yake ɗokinsa? Kuma yaushe rabon kwamitin makarantar ya zauna?

Ga 'yan majalisar jihohi kuma tambayar ita ce ko za su mayar da ciyarwa, ruwa da aikin ba da shawara su zama layi tabbatacce a kasafin ilimi, da doka a bayansa, yadda sauyin gwamna ko ƙarewar rancen waje ba zai kashe su ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da aka rubuta sunansa a rajista a watan Satumba, abin da ya tarar a makarantar ne zai sa a same shi a kujerarsa a watan Yuli.